Kun Tambaya: Idan Matuƙin Jirgi Ya Ga Abin Da Bai Gane Ba a Sama, Me Sojoji Ke Yi?

Tun da bidiyon jiragen yaƙin Amurka ya sake zagayowa a WhatsApp, tambayoyi suka yi ta shigowa daga masu karatunmu na Legas. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: An turo mini bidiyo ana cewa sojojin Amurka da bakinsu sun amsa cewa halittun wata duniya na shawagi a samaniyarmu. Gaskiya ne? *Daga wani dillalin albasa, kasuwar Mile 12*

Amsa: Alhaji, bidiyon na gaske ne, sharhin da aka ɗora masa ne aka yi wa ƙarin gishiri. Ranar 27 ga Afrilu 2020 ma'aikatar tsaron Amurka, Pentagon, ta fitar da gajerun bidiyo uku, ɗaya na 2004, biyu na 2015. Ta ce matuƙan jiragen sojin ruwanta ne suka ɗauka, kuma ba a tantance abubuwan da ke ciki ba. Iyakar maganarta ke nan.

Binciken ba sabo ba ne. A watan Yunin 1947 wani matuƙi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a jere kusa da dutsen Rainier, jaridu suka yayata, rahotanni suka ɓarke. Rundunar sojin saman Amurka ta buɗe ofishin bincike a 1948, ta sauya masa suna a 1949, sannan a 1952 ya zama shirin Blue Book, wanda ya zauna a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio har 1969. Abin da ke hana su barci a lokacin Tarayyar Sobiyat ce: kada ya zamana wani sabon jirgin abokan gaba ne ke shiga ƙasarsu. Rahotanni 12,618 suka tara, 701 suka rage ba a gano ko mene ne ba. Da za su rufe ofishin sun ce ba su ga barazana ga tsaron ƙasa ba, ba su ga fasahar da ta wuce ilimin zamanin ba, ba su kuma ga shaidar baƙi daga wata duniya ba.

A watan Yunin 2021 ofishin shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka ya miƙa wa majalisa rahoto kan lamura 144, aka ce ɗaya tak aka gano, wata babbar balan-balan da ke sacewa. Wannan adadi ne masu yaɗa bidiyo suka fi riƙewa, suna tsallake inda rahoton ya ce bayanan da aka tara ba su isa a yanke hukunci ba. Da aka kafa ofishi na musamman mai suna AARO a 2022 aka fara zama ana tacewa, sai hoton ya sauya. Cikin sababbin rahotanni 366 da aka bayyana a Janairun 2023, 163 sun yi kama da balan-balan, 26 jirage marasa matuƙi, 6 tarkace irin su leda da tsuntsaye, 171 suka rage. A Maris 2024 ofishin ya ce ya bi tarihin binciken tun daga 1945 bai sami hujjar fasahar wata duniya ba.

Tsarin Faransa ya fi fito da abin fili. Ofishinsu, GEIPAN, yana ƙarƙashin hukumar sararin samaniyar ƙasar tun 1977, kuma yana kasa rahotanni gida huɗu: wanda aka gano tabbas, wanda aka kusa tabbatarwa, wanda bayanansa ba su isa a yi aiki da su ba, da wanda bayanai suka isa amma aka kasa warware shi. Gida na huɗun yana wajen kashi uku cikin ɗari ne kawai. Duk lokacin da ka ji an ambaci wani babban adadi na abubuwan da "ba a gano ba", fara tambaya nawa ne a ciki ke gida na uku.

Tambaya: Ina shirin neman shiga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Idan matuƙi ya ga irin wannan abu, wa zai gaya wa, kuma yaya ake binciken daki-daki? *Daga wani ɗalibi, Mafoluku*

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya ba da sa'a. Matakin farko na rediyo ne, nan take, ba sai an sauka ba. Matuƙi zai kira jami'in da ke kula da zirga-zirgar jirage a yankin da yake. A Najeriya aikin hukumar NAMA ne, kuma manyan cibiyoyinta biyu suna Kano da Legas. Zai faɗi lokaci da agogon duniya na UTC, wanda agogonmu ke gabansa da awa ɗaya, da inda yake, da tsayin da yake tafiya a kai, da inda hancin jirgin ke kallo. Sai ya faɗi inda abin yake da lissafin fuskar agogo: ƙarfe 12 gaba ke nan, ƙarfe 3 dama, ƙarfe 9 hagu. Zai ƙara da ko abin na samansa ko ƙasansa, da ko ya fito a na'urar gargaɗin karo ta cikin jirgi. Ka lura, wannan na'ura jiragen da ke ɗauke da taransfonda a kunne kawai take gani, wato akwatin da ke amsa kiran rada da lambar jirgi da tsayinsa. Balan-balan ko ƙaramin jirgi marar matuƙi ba za su fito a cikinta ba, don haka shirunta ba abin mamaki ba ne.

Jami'in ƙasa zai duba allonsa, ya duba jerin jiragen da suka shigar da takardar tafiya, ya tambayi wani jirgin da ke kusa ko shi ma yana ganin abin. Wannan tambayar tana da muhimmanci, domin idan jirage biyu da ke wurare daban suka ba da kusurwar abu ɗaya a minti ɗaya, za a ja layi biyu a taswira, inda suka haɗu nan abin yake. Da kusurwa ɗaya kaɗai babu mai iya cewa yana nisan kilomita 2 ne ko 200. Idan akwai alamar kutse cikin sararin ƙasa sai a sanar da rundunar sojin sama, ita ke da ikon tayar da jirgi ya je ya duba. Bayan sauka matuƙi zai rubuta rahoto ga sashen kiyaye haɗari na kamfaninsa da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, idan kuma an kusa karo ne lamarin na iya kaiwa ga hukumar binciken haɗurra ta NSIB. Matuƙin soja kuwa ta hannun jami'in leƙen asirin rundunarsa rahoton ke bi.

Daga nan tsere ake yi da lokaci, kuma a nan yawancin bincike ke mutuwa. Na'urar naɗar maganganun ɗakin matuƙa a jirage da yawa awa biyu na ƙarshe kawai take riƙewa, sabuwar magana na goge tsohuwa. Idan jirgin ya juya ya koma Abuja ba a cire bayanan ba, sun tafi. Ƙa'idar duniya ta ce a ajiye naɗin rediyo da na rada na ƙasa aƙalla kwana 30, bayan haka ana iya gogewa. Rahoton da ya iso bayan wata biyu labari ne kawai ya rage a cikinsa. Ana kuma yi wa matuƙan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zana abin da ya gani, kafin su zauna su yi hira. Mutum biyu da suka kwana suna maimaita labari, da safe bakinsu zai zo ɗaya ko da idonsu bai ga abu ɗaya ba.

Sauran aikin cirewa ne. A ɗauko taswirar duk jiragen da ke sama a wannan minti, har da na soja da ke atisaye. A nemi bayanan iska daga masu hasashen yanayi, a nan NiMet, hawa-hawa, domin iskar ƙafa 5,000 na iya yin gabas ta ƙafa 30,000 na yin yamma. Abin da ke tafiya daidai da iskar hawan da yake, a gudu da alkibla, kusan kullum balan-balan ne. Tashoshi ɗaruruwa a duniya na sakin balan-balan ɗin auna yanayi sau biyu a rana, ƙarfe 1 na rana da ƙarfe 1 na dare agogon Najeriya. Tana tashi da faɗin da bai kai mita 2 ba, tana hawa kamar mita 5 a daƙiƙa, tana kumbura har ta kai mita 6 zuwa 8 kafin ta fashe a wajen kilomita 30.

Sai a duba sama da manhajar taurari: ina wata yake, ina Zara, ina Mushtari. Sai taurarin ɗan'adam. Tun da aka fara harba na Starlink a 2019 matuƙa a sassan duniya suka yi ta ba da rahoton fitilu masu zagaye a gefen sama da tsakar dare. Da aka lissafa sai aka ga taurari ne da yawa, a tsayin kusan kilomita 550, kowanne na haskawa na 'yan daƙiƙoƙi idan ya iso wani gurbi da hasken rana ke dokansa, ya dushe, na bayansa ya iso ya haska. Ido sai ya haɗa su ya mai da su abu ɗaya mai kai-komo. A ƙarshe a duba ko akwai gangar roka da ta faɗo a daren. A Mayun 2020 guntayen wata rokar Sin sun faɗa ƙauyuka a Kwaddibuwa, ga ta nan kusa da mu.

Abin da ya fi ɓata wannan lissafi shi ne agogo. Kuskuren minti biyu ya isa tauraron ɗan'adam ya yi tafiyar kusan kilomita 900. Bidiyon waya kuma idan ya bi ta WhatsApp an matse shi, an share bayanan lokaci da wurin da ke maƙale da shi. Mai bincike asalin fayil ɗin yake nema daga wayar da ta ɗauka.

Tambaya: Ai gani ya kori ji. Mutumin da ya shekara ashirin yana tuƙa jirgin yaƙi zai kasa bambance balan-balan da abin mamaki? *Daga wani ɗan canji, Ikeja*

Amsa: Alhaji, ba a ƙaryata shi ba. Mafi yawansu sun ga wani abu da gaske, kuma gaskiyar abin da suka gani suke faɗi. Matsalar tana wurin awo. Ido na gane nisan abu ne idan ya san girmansa. Matuƙi ya san girman Boeing 737, don haka da ya hango shi zai ce yana nisan mil kaza. Abin da bai taɓa gani ba, a sarari fetal babu bishiya babu gini, ba shi da ma'auni: abu mai faɗin mita 1 a nisan kilomita 1 da mai mita 10 a nisan kilomita 10 girmansu ɗaya a ido. Wanda ya kuskure nisa ya kuskure girma, ya kuma kuskure gudu. Ga ƙarancin lokaci. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa yana cin mita 236 a daƙiƙa, abin da ya hango a kilomita ɗaya cikin daƙiƙa huɗu ya wuce shi. Ko abin a tsaye yake cak, zai ga kamar harsashi ne ya gifta.

Ɗauki bidiyon 2015 da ake ganin wani farin ɗigo yana tsala gudu dab da ruwan teku. Lambobin da ke gefen allon su suka warware shi. Jirgin yana ƙafa 25,000. Kamarar na kallon ƙasa da digiri 26. Nisan abin mil 4.4 na teku, wato kamar ƙafa 26,700. Lissafin kusurwa na 'yan sakandare ya nuna abin yana ƙasa da jirgin da ƙafa 11,700, ke nan yana can sama wajen ƙafa 13,000, rabin hanya tsakanin jirgin da ruwa. Kwamitin da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta kafa ya yi wannan lissafi a rahotonsa na Satumbar 2023, ya sami gudun abin bai wuce kilomita 65 a awa ba, gudun iskar wannan hawa. Saurin da ake gani na jirgin da ke ɗaukar hoton ne. Idan kana cikin mota a kan gadar Third Mainland ka kafa ido a kan sandar fitila, za ka ga kwalekwalen Makoko da ke bayanta suna zuba gudu, alhali masuncin yana zaune yana gyaran koma.

Dare kuma na da nasa. Duk wanda ya ƙura wa fitila ɗaya ido cikin duhu na 'yan daƙiƙoƙi zai ga ta fara motsi, saboda ƙananan motsin ƙwayar ido. Ana koyar da wannan a makarantun tuƙi, maganinsa shi ne a riƙa kawar da ido ana dawowa. A Janairun 2011 mataimakin matuƙin wani jirgin Air Canada da ya tashi daga Toronto zuwa Zurich ya farka daga barcin hutu, ya hango Zara ya ɗauka jirgi ne. Da kyaftin ya nuna masa ainihin jirgin sojan da ke tahowa ƙasa da su, sai ya ga kamar yana samansu yana faɗo musu, ya danna jirgin ƙasa. Fasinja 14 da ma'aikata 2 suka ji rauni.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Kyaftin Thomas Mantell, tsohon matuƙin yaƙin duniya na biyu. Ranar 7 ga Janairu 1948 ya bi wani farin abu a samaniyar jihar Kentucky, ya yi ta hawa babu iskar shaƙa a jirginsa. A ƙafa 25,000 mutum minti uku zuwa biyar yake da su kafin hankalinsa ya gushe. Ya suma, jirgin ya faɗo, ya rasu. Daga baya masu bincike suka karkata ga cewa wata ƙatuwar balan-balan ce ta shirin sojin ruwa mai suna Skyhook, wanda a lokacin sirri ne, shi kansa bai san da shi ba.

Tambaya: To ido ya yi kuskure. Rada da kamara fa, su ma suna mafarki ne? *Daga wani mai gyaran waya, Obalende*

Amsa: Malam, ba sa mafarki, amma kowacce an ƙera ta don wani aiki, kuma idan aka kai ta wajen aikinta sai ta ba da amsar da ke buƙatar fassara. Kamarar jirgin yaƙi zafi take gani. Injin jirgi mai nisa zai fito a allonta dunƙulen haske wanda siffarsa ta gilashin kamarar ce, jikin jirgin kuwa ya ɓace a bayansa. A Maris 2004 wani jirgin sojin saman Meziko da ke sintirin masu safarar ƙwaya a jihar Campeche ya ɗauki fitilu goma sha ɗaya da ido bai gani ba, ma'aikatar tsaronsu ta saki bidiyon, duniya ta ɗauka. Da masu nazari suka bi alkiblar kamarar a taswira sai layin ya faɗa kan rijiyoyin mai na cikin teku, inda ake ƙona iskar gas. Wannan darasi namu ne kai tsaye. Daga ƙafa 35,000 ido na kaiwa kusan kilomita 370, don haka jirgin da ya tashi daga Legas ya nufi Fatakwal da dare zai hango wutar gas ta Neja Delta tun daga nesa ƙwarai, kuma idan hazo ya shafe layin da ya raba ƙasa da sama sai wutar ta zama kamar a rataye take.

Akwai kuma bidiyon koren haske mai kusurwa uku da aka ɗauka daga jirgin ruwan yaƙin Amurka a 2019. A zaman majalisa na Mayun 2022 wani babban jami'in leƙen asirin sojin ruwa, Scott Bray, ya bayyana cewa jirage marasa matuƙi ne, siffar kusurwa ukun ta fito ne saboda an ɗauki hoton ta cikin tabaran gani da dare sannan ta cikin wata kamarar.

Rada kuma sigina take aikawa ta jira ya dawo. Idan iska mai ɗumi ta kwanta a kan mai sanyi, abin da ke yawan faruwa a kan teku da kuma daren hunturu, siginar na lanƙwasowa ƙasa ya doki jirgin ruwa ko gini ya dawo, allon ya nuna abu a inda babu shi. Da wannan rundunar sojin saman Amurka ta bayyana ɗigogin da suka cika radar birnin Washinton a Yulin 1952. Garken tsuntsaye na fitowa. Sannan akwai na'urorin yaƙi da aikinsu ke nan, su karɓi siginar radar abokin gaba su mayar masa da na ƙarya. Saboda yawan wannan shara ake saita rada ta watsar da duk abin da ke tafiya a hankali, kuma saitin na da nasa farashin. Bayan an harbo balan-balan ɗin Sin ranar 4 ga Fabrairu 2023, rundunar tsaron samaniyar Amurka da Kanada ta sassauta saitin, cikin mako guda sai ga ƙananan abubuwa suna ta fitowa, waɗanda da ma can suna nan.

Shi ya sa mai bincike ba ya gamsuwa da na'ura ɗaya. Yana son ido, da rada, da kamara su nuna wuri ɗaya a daƙiƙa ɗaya, kuma a tabbatar abu ɗaya suke kallo, domin sau da yawa rada na kan wani jirgi mai nisa ido kuma na kan tauraro.

Tambaya: Ni dai ina ganin akwai abin da gwamnatoci ke ɓoyewa. Ko ba haka ba? *Daga wani direban tirela, Apapa*

Amsa: Suna ɓoyewa, Malam, kuma an kama su. Sai dai abin da aka kama su da shi nasu ne. A tsakiyar shekarun 1950 jiragen fasinja na tafiya tsakanin ƙafa 10,000 da 20,000, ba wanda ya yi zaton mutum na iya kaiwa ƙafa 60,000. Jirgin leƙen asiri na U-2 kuwa can yake. Da magariba, matuƙin fasinja yana cikin duhu, U-2 da ke can sama rana na dokan fukafukansa masu launin azurfa, sai a ga kamar wuta. Masu binciken Blue Book kan tuntuɓi masu shirin a asirce, su gane ko wane jirgi ne, sannan su gaya wa jama'a wai ƙanƙarar sama ce ko wani yanayi. Hukumar CIA da kanta ta amsa haka a wani nazari da ta wallafa a 1997. Wannan ƙarya ta yi wa amana illar da har yau ba ta warke ba, kuma a ganinmu ita ce uwar yawancin zargin da ake yi. A yau ma ana hana fitar da bidiyo da yawa, galibi don kada abokin gaba ya gane iya nisan da kamarar ko radar ke kaiwa.

Akwai kuma lamuran da suka tsaya a wuya. Ranar 14 ga Nuwamba 2004, a tekun da ke kudu da San Diego, an tura jirage biyu ƙirar F/A-18 daga babban jirgin ruwa Nimitz su duba wasu ɗigogi da radar jirgin ruwa Princeton ta yi kwanaki tana gani. Kwamanda David Fravor da abokan aikinsa uku sun ce da rana tsaka, sama garau, suka ga wani farin abu mai tsawon kamar ƙafa 40, ba fiffike ba hayaƙi, yana kai-komo a kan ruwa, da ya nufe shi sai ya ɓace. Ya maimaita wannan a gaban majalisa a Yulin 2023 bayan ya yi rantsuwa. Shaidu huɗu ƙwararru ba abin wasa ba ne. Amma dubi abin da mai bincike ke da shi a hannu: bidiyon da ake yawo da shi wani jirgin ne ya ɗauka daga baya, ba a lokacin da su Fravor ke kallo ba, kuma an yi shekaru kafin wani ya zo ya yi musu tambayoyi a hukumance. Sai a 2019 sojin ruwan Amurka suka fito da tsayayyen tsarin kai irin wannan rahoto, sojin sama suka bi a 2020. Kafin nan matuƙi kan yi shiru don gudun dariyar abokan aiki. Lamarin Nimitz a buɗe yake, kuma sakacin makon farko ne ya bar shi a buɗe.

Tambaya: Kusan kullum bayan isha'i ina ganin wata fitila a tsaye cak ta arewa da gidanmu, sai ta yi minti biyu ko uku kafin ta motsa. Yara sun ce aljanu ne. *Daga wata malamar Islamiyya, Agege*

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalin yaran. Jiragen da ke sauka a filin Murtala Muhammed galibi ta arewa suke shigowa su fuskanci kudu, ta saman unguwanninku. Jirgin da ya miƙo kai tsaye wajenki da fitilun sauka a kunne ba ya zuwa dama ba ya zuwa hagu, haske kawai yake ƙarawa. Daga nisan kilomita 18 yana wajen ƙafa 3,000, kuma zai ɗauki kamar minti huɗu kafin ya iso. Ki buɗe manhajar Flightradar24 a daidai lokacin za ki ga sunansa da inda ya fito. Idan kuwa fitilar ta yamma take bayan magariba, fara tas ba ta ƙiftawa, ki saita ta da kan wata sandar lantarki daga inda kike tsaye, ki dawo wurin bayan minti 20. In ta sauka kamar faɗin yatsu uku na hannun da aka miƙe, Zara ce.

Tambaya: Me ya sa ba za a harbo abin kawai a ga ko mene ne ba? *Daga wani maigadi, Lekki*

Amsa: Baba, saboda abin da ba a gane ba yana iya zama jirgin fasinja da rediyonsa ya lalace. A Satumbar 1983 jirgin yaƙin Sobiyat ya harbo jirgin Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya, mutum 269 suka mutu, kuma a 1984 aka ƙara wa yarjejeniyar sufurin sama ta duniya sashen da ya hana amfani da makami a kan jirgin farar hula. Ƙa'idar ita ce jirgin yaƙi ya matso ta hagu, ya ɗan wuce gaba yadda za a gan shi, ya kaɗa fukafukai, ya yi kira a mitar gaggawa ta 121.5, ya karanta lambar da ke jikin jirgin. Sannan duk abin da aka harbo dole ya faɗo a kan wani, ka kuwa san yadda Oshodi take da rana.

Ko an harba ma ba lalle a sami amsa ba. Tsakanin 10 da 12 ga Fabrairu 2023 jiragen Amurka sun harbo abubuwa uku, a Alaska, da yankin Yukon na Kanada, da tafkin Huron, da makamai masu linzami da kowanne ya kai kusan dala 400,000, ɗaya ma ya kuskure sai da aka sake. Aka yi kwanaki ana neman tarkacen cikin ƙanƙara da ruwa, aka haƙura. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya fito ya ce mai yiwuwa balan-balan ne na kamfanoni, ko na masu bincike, ko na masu sha'awar harba su don nishaɗi.